Fetur Zalla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya tashe ni daga gadon asibiti alhali ban cancanta ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Wannan littafi don kaina nake rubuta shi. Idan ya faɗa hannun wani bayan raina, ina yi masa sallama, ina kuma roƙonsa ya rufa abin da ya gani na gazawa.

Asabar, 23 ga Muharram 1415 (2 ga Yuli, 1994)

Ina rubuta bakancena da lafazinsa, domin kada zuciya ta rage masa wani abu daga baya. Ranar da za a shiga da ni tiyata don aikin ƙaba, na ce: Ya Ubangiji, idan ka tashe ni, zan share ciyawar makabartarmu daga bakin ƙofa zuwa katangar gabas, da hannuna, kafin ranar Mauludi. A ɓangaren nan Ashatu take, matata ta shekara arba'in da ɗaya, wadda ta rasu bara. Allah ya cika nasa. Saura nawa, kuma saura kwana arba'in da takwas.

Jiya bayan Juma'a na je na duba. Ciyawa ta kai min ƙirji. Damunar Ibadan ba ta san tausayi ba. Likita ya hana ni sunkuyo, ya hana ni saran adda har wata shida. Mahauta da 'yan goron da ke ɗaukar karatu a zaurena bayan Asuba sun ce su yi min gayya su gama a wuni ɗaya. Na gode musu. Amma na ce da hannuna, kuma ba wanda ya tilasta ni faɗar haka.

Talata, 26 ga Muharram

Babandi ya zo da wani abu naɗe cikin buhu. Abokina ne tun muna samari a nan Sabo, ya yi shekara goma sha tara yana gadi a gidan wani Bature a unguwar Jericho. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa tarkace, ciki har da wannan: injin yankan ciyawa mai aiki da fetur. Doguwar sandar ƙarfe ce, inji ƙarami kamar kan akuya a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma wani ƙoƙo mai juyawa wanda igiyar roba ke fitowa daga cikinsa. Igiyar ce ke yanka, ba wuƙa ba. Ana rataya shi a kafaɗa, mutum yana tsaye. Babu sunkuyo.

Ya ce shekara shida ke nan rabon da ya tashi. Na ce masa wanda ya gyara keken ɗinki da fitilar gas shekara goma sha biyu kafin ya zauna a zaure ba zai ji tsoron kan akuya ba. Ya yi dariya ya ce, "To Malam, keken ɗinki dai ba ya shan mai, ƙafarka yake sha."

Na duba mas'alar kafin in karɓa. Mai yanka da lauje da hannunsa ya yanka, duk da cewa ƙarfe ne ya taɓa ciyawar. Haka inji. Bakance zai cika da shi. Kuma igiya ba za ta rusa tudun kabari ba, yadda adda ke yi a hannun mai gaggawa.

Alhamis, 28 ga Muharram

Ba karatu yau. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida na warware injin, kowace ƙusa na ajiye ta a jere kamar yadda na cire ta. Zanzaro ya yi gini a cikin salansa, inda hayaƙi ke fita. Filogi ya yi baƙi ƙirin. Tiyon mai ya bushe, da na lanƙwasa shi sai ya karye kamar taliya. A tanki akwai wani abu ja mai danƙo da wari. Na wanke komai da kananzir.

Babandi yana zaune yana kallo, sai ya ce ɗanka fa yana nan unguwar Mokola, wuni ɗaya zai tayar maka da shi. Na ce ya miƙo min sifana.

Sharfuddeen ɗan farina ne. Ya haddace Alƙur'ani yana da goma sha shida, ya yi nisa a fikihu fiye da duk wanda na taɓa koyarwa, kuma shi na tanada wa zauren nan. Yana da ashirin da huɗu ya ajiye littafi ya tafi koyon kanikanci wajen wani Bayarabe. Yanzu yana da nasa shagon, yana da mata da 'ya'ya biyu, Yarabawa suna kiransa Sarafa. Ranar da ya tafi na ce masa, a gaban mutane, hannun da ke cikin baƙin mai kada ya sake taɓa littattafaina. Shekara bakwai ke nan. Yana zuwa gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa, ya tafi. Mutane suna zaton kunyar ɗan fari ce. Na bar su a kan zatonsu.

Na sha wahala kafin baƙin ya fita daga farcena don alwalar Azahar.

Lahadi, 1 ga Safar

Ruwa tun safe har La'asar. Kowane ɗigo ciyawa yake shayarwa.

Juma'a, 6 ga Safar

Kwana huɗu a kan kabireta, wato ɗan akwatin da ke haɗa mai da iska. Ƙofofinta sun fi kafar allura ƙanƙanta. Na buɗe su da gashin burushi ɗaya ɗaya, na hura da bakina. Idona ba kamar da ba. Sai da na ɗora gilashin karatu biyu. A maimakon tiyon da ya karye na sa irin wanda ake ƙarin ruwa da shi a asibiti, mai kemis na bakin masallaci ya ba ni. Filogi na goge shi da sandar ashana da ɗan yashi mai laushi. Da Babandi ya ja igiyar tayarwa, na ga tartsatsi shuɗi ya fito. Alhamdu lillahi.

Jan igiyar nan ba zan iya ba, ɗinkin tiyatar yana amsawa. Na hukunta cewa wani ya ja min ba laifi, daidai yake da wani ya wasa maka lauje. Na lura cewa hukuncin nan ya hau kan gyara ma, ko wane ne mai gyaran. Na lura, na wuce.

Laraba, 11 ga Safar

Igiyar yanka ta ƙare a ƙoƙon, saura kamu ɗaya. Hafiza, 'yata da ke aure a bayan layinmu, ita ke aiko min da abinci tun rasuwar mahaifiyarta. Yau da kanta ta kawo, ta tarar da ni ina gwada igiyar saƙar kujera. Ta ce wannan ko tafasa ba za ta yanka ba, ta ce in nemi irin ta masunta mai kauri. Gaskiyarta. Babandi ya san wani masunci a bakin ruwan Eleyele.

Da za ta tafi ta tsaya a soro ta ce Yaya yana tambayar jikina kullum. Na ce jiki da sauƙi.

Litinin, 16 ga Safar

Komai ya haɗu sai fetur. Ma'aikatan mai suna yajin aiki, gidajen mai a rufe, motoci sun yi layi daga Mokola har inda ido ya ƙare. Abin da ake sayarwa a galan a bakin titi an gauraya shi da kananzir, wani har da ruwa. A karatun safe na yi magana mai tsawo a kan algus: wanda ya zuba wani abu cikin abin sayarwa ya cuci ɗan'uwansa, kuma ya cuci abin da kansa. Na kawo misali da ruwan alwala. Muddin wani abu ya shige shi ya canja launinsa ko ƙamshinsa ko ɗanɗanonsa, ya fita daga hukuncin ruwa mai tsarkakewa, ko da abin da ya shige shi turare ne.

Bayan an watse Babandi ya ce shi fa yana tuna mai kula da lambun Baturen yana tsiyaya baƙin mai cikin fetur ɗin injin nan, ya girgiza kwalbar. Na tambaye shi ko Baturen yana wurin lokacin. Ya ce a'a. Na ce to ka ga amsarka: yana rage fetur ne yana cike gurbinsa. Jan abin nan mai danƙo da na kankare daga tanki, daga ina ya zo? Babandi ya ce shi dai mai gadi ne, abin da ya gani ya faɗa.

Asabar, 21 ga Safar

Alhaji Abbas mai motocin goro ya sa an zuƙo min kwalba uku daga tankin motarsa ta shiga. Na san inda yake sha, mai tsabta ne. Duk da haka na tace shi sau biyu da farin ƙyalle. Ya fito garau kamar ruwan rijiya.

A ja na bakwai ya yi tari. A na tara ya tashi. Kaji suka watse, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ƙararsa kamar ta babur ƙarami mai fushi. Na bar shi kaɗan na kashe. Ban san rabon da in ji irin wannan daɗi ba, kuma na nemi tsarin Allah daga jiji da kai.

Saura kwana ashirin.

Litinin, 23 ga Safar

Mun isa makabarta da hantsi. Na yi wa mutanen wurin sallama, na yi niyya, Babandi ya ja. Ciyawa ta dinga zubewa gabana kamar ana aske ta. Na kiyaye abin da ya tsiro a kan tudun kaburbura, saboda malamai sun ƙi a cire ɗanyen tsiro daga kan mamaci. Tsakaninsu da hanyoyi kawai nake bi. Na share kamar taku goma sha biyar daga ƙofa.

Daga nan muryar injin ta canja, ta yi siriri. Na ji zafi yana dukan kwiɓina. Ya yi wata ƙara kamar an ja ƙarfe a kan dutse, ya tsaya. Babandi ya kama igiya ya ja, ta ƙi motsi. Ya sa ƙafa ya danne, ta ƙi.

Ya ɗauko shi muka koma gida.

Laraba, 25 ga Safar

Na buɗe injin. Fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinsa, ya manne da bangonsa, ya ƙi sama ya ƙi ƙasa. Wannan ba a cikin keken ɗinki yake ba.

Alhamis, 26 ga Safar

Na tafi ni kaɗai da lauje da kujerar tsuguno, na ce in yi a zaune. Kafin rana ta take na yanka abin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ɗinkin kuma ya kumbura. Da ƙyar na dawo. Hafiza ta ga tafiyata ta gane. Ta ɗauke laujen ta tafi da shi gidanta, ba ta nemi izini ba. Ta ce, "Baba, mun binne Inna bara. Ba mu shirya wata ba."

Lahadi, 29 ga Safar

Kwana biyu ina kwance ina bin littattafai a babin bakance. Akwai mafita ga wanda ya gaza, na san ta, na sha ba mutane ita. Amma sharaɗinta gazawa ta gaskiya. Ni kuwa tsakanina da cika alkawarina tafiyar minti goma ce. Idan na tsaya gaban Allah na ce na kasa, ya san abin da na kasa, kuma ba ciyawa ba ce.

An ce gobe ɗaya ga wata idan an gan shi.

Talata, 2 ga Rabi'ul Awwal (9 ga Agusta)

Na je Mokola. Babandi ya ɗauko min injin har bakin layin, na ce ya koma.

Shagon rumfar kwano ce, babura da janareto a jere, ƙasa ta yi baƙi. A kusurwa akwai buta da buzu a rataye. Sharfuddeen yana tsugune kan wani inji, bai gan ni ba sai da maƙwabcinsa ya yi masa magana da Yarabanci. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa, ya durƙusa nan cikin baƙin man. Na ce ya tashi. Ya goge benci da rigarsa na zauna. Na ce inji ne ya tsaya.

Ya karɓa, ya cire murfin, ya leƙa da tocila. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya ɗiga a yatsa ya murza. Ya yaba wankin kabireta, ya tambayi wanda ya yi. Na ce ni. Sa'an nan ya tambaya da wane mai aka tashe shi.

Na ce, "Fetur. Zalla. Sau biyu na tace shi."

Ya ajiye tocilar. Na ce ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya ce irin wannan injin ba shi da wani wurin da ake zuba masa baƙin mai kamar mota. A cikin fetur ɗin ake haɗa masa, shi ke shafe ƙarfen yayin da yake wucewa. In babu shi ƙarfe zai ci ƙarfe har ya narke. Na ce ashe algus shi ne abincinsa. Na gaya masa abin da na faɗa a zaure, har da misalin ruwan alwala, ina jin muryata tana tashi kamar ina kan karatu.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙiyasin ne bai hau ba. Ruwa tsarkinsa a kaɗaicinsa yake. Wannan kuwa haɗin sharaɗi ne na ingancinsa, wanda ya ƙera shi ne ya gindaya. Algus kuma sai an ɓoye wa mai saye. Nan ba a ɓoye wa kowa ba, ga shi a rubuce." Ya kankare murfin tanki da farce. Akwai rubutun boko ƙanana da hoton ɗigo biyu. Sau uku na wanke murfin nan da hannuna.

Na nemi inda zan kama maganarsa ban samu ba. Da ɗalibi ne ya kawo ta a zaure da na ce kowa ya rubuta.

Na ce saura kwana goma. Ya ce ya sani.

Asabar, 6 ga Rabi'ul Awwal

Kullum bayan karatun safe ina can. Ya jiƙa fistin da mai kwana biyu, ya ɗora katako ya dinga bugawa a hankali har ya saki. Bangon ya karce. Ya naɗa takardar goge ƙarfe mafi laushi a yatsa ya bi shi, wuni guda cur. Zoben fistin ya karye, kuma babu irinsa a garin nan. Ya samo na wani tsohon injin feshi ya rage shi da zarto, yana gwadawa yana ragewa. Bismillah yake yi kafin kowane gwaji, a hankali, ba don in ji ba.

Na so in taya shi ɗaure wata ƙusa, ya ce in sassauta, wannan ƙarfen ba ya son ƙarfi. Na sassauta.

Maƙwabcinsa mai faci ya tambaye ni ko ni ne sabon ɗan koyo, ya ce in an yaye ni a kira shi cin shinkafa. Sharfuddeen ya ji kunya. Ni na yi dariya.

Na nemi gafarar Babandi, na ce kuma ya nema min ta mai lambun idan ya san inda yake. Na zarge shi da sata a kan abin da ya yi daidai. A zaure ma na gyara: hukuncin algus yana nan, misalin da na ɗora a kan injina shi ne kuskure.

Talata, 9 ga Rabi'ul Awwal

Injin ya tashi jiya, da hayaƙi shuɗi. Sharfuddeen ya ce hayaƙin alamar lafiya ce. Ya ce ba zai koma kamar sabo ba, sai a riƙa hutar da shi duk bayan ɗan lokaci.

Yau ya rufe shago ya biyo ni. Shi ke ja, shi ke haɗa mai, shi ke sauya igiya. Da na gaji ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya tuna ya mayar da shi. Ko tsinke bai cire ba. Mun kai sulusi.

Laraba, 10 ga wata

Ruwa ya kore mu da Azahar. Kafaɗata ta yi tsami. Saura fiye da sulusi.

Alhamis, 11 ga Rabi'ul Awwal

An gama, ana kiran La'asar igiya ta taɓa katangar gabas. Sau biyu injin ya mutu, sau biyu ya tashi. Kwalba ta ƙarshe saura ɗan kaɗan a gindinta.

Mun tsaya a kan Ashatu. Na fara addu'a, murya ta ƙi. Ya ɗauka daga inda na tsaya ya kai ƙarshe, ban gyara masa ko wasali ba. Na ce amin.

Ya Allah ka karɓa. Gobe Mauludi.

Alhamis, 18 ga Rabi'ul Awwal 1415 (25 ga Agusta, 1994)

Ina rubuta wannan don amfanin wanda zai riƙe injin bayana. Kwalbar fetur ɗaya, baƙin mai murfin kwalbar sau huɗu, a girgiza har launi ya zama ɗaya. Kada a ajiye haɗin ya wuce wata. A kwashe tanki idan za a daɗe ba a yi aiki ba. Na karɓo wannan baki da baki daga Malam Sharfuddeen ɗan Shu'aibu, wato ɗana, a shagonsa na Mokola, shi kuma daga maigidansa da ya koya masa.

Injin yana wurinsa, can ne kayan aiki suke. Ciyawa ta fara tasowa, nan da mako uku sai an sake bi, don haka ba makawa in riƙa leƙawa ranar Alhamis in ga halin da yake ciki. Yau na je. Lafiyarsa lau. Na tafi da wani littafi a aljihu saboda akwai wata mas'ala ta rabon gado da aka kawo min wadda nake so in ji ta bakin wani. Na manta shi a kan benci. Ba sauri.

Wanda ya karanta wannan, Allah ya ba shi ikon cika abin da ya ɗauka, ya sanya albarka a hannunsa da zuriyarsa, ya jiƙan nasa da suka riga shi, ya sa ya cika da imani. Ya sa ni da Ashatu a addu'arsa. Amin.